Hangen Dala: Dutsen Fatake Da Muka Bar Wa Tsumburbura

Da wuya a sami Bakanon da bai san karin maganar nan ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Uwa takan faɗa wa ɗanta idan ya fara rawar kai tun sakamakon jarrabawa bai fito ba, dillali kuma yakan faɗa wa abokinsa idan ya ga ya soma lissafin la'ada tun mai kaya bai sallama ba. Kaɗan ne suke tsayawa su tambayi kansu wane ne ya fara faɗar wannan magana, kuma a ina yake tsaye sa'ad da ya faɗe ta. Mutumin cikin gari ba zai ƙirƙiro ta ba, domin shi a gindin dutsen ya kwana, a gindinsa ya tashi, ba shi da abin hange. Magana ce ta matafiyi. Ta farke ce wanda ya yi watanni yana bin jaki a baya, ƙafa ta tsage, guzuri ya ƙare, rannan da hantsi ya ɗaga kai ya tsinkayi wani jan tudu can gaba a saman itatuwa, yaran ayari suka fara murna, dattijon cikinsu ya ce su dakata tukuna. Abin da nake so in kare a wannan sharhi shi ne cewa Dutsen Dala, kafin komai, alamar hanya ne, dutsen fatake da maƙera da baƙi, kuma sakacin da muke yi da shi a yau yana da nasaba da yadda muka manta wannan, muka bar labarinsa kaf a hannun Barbushe, jagoran tsafin dā, da abar bautarsa Tsumburbura.

A fara da ƙasar kanta. Wanda ya tsaya yau a Darmanawa, ko a bakin titin Zariya daidai Gyaɗi-Gyaɗi, ya fuskanci arewa maso yamma, abin da zai gani shi ne benaye da allunan talla da tankunan ruwa da dogayen ƙarafunan kamfanonin waya. Alhali tsakaninsa da Dala bai kai kilomita goma ba. Ƙolin dutsen yana kan mita 534 daga saman teku, amma tun da ita kanta ƙasar Kano a kan tudu take, abin da ya ɗara filin da ke kewaye da shi bai fi mita hamsin ba. Mutumin Jos ko na Abuja da ya saba da Dutsen Zuma zai ce wannan ai juji ne. Sai dai tsawo a fili ba ɗaya yake da tsawo a cikin duwatsu ba. A lissafi, abin da ya kai mita hamsin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ana iya hango kansa daga nisan kilomita ashirin da wani abu, matuƙar ba hazo, ba kuma itacen da ya tare ido. Wannan kuwa kusan tafiyar yini guda ce ga ayarin jakai masu ɗauke da kaya. Ke nan mutum yana iya ganin Dala da safe, ya yini yana tafiya, magariba ta riske shi bai isa ba. A zamanin da Darmanawa da Tarauni suke ƙauyuka tsakiyar gonaki, a kudu da ganuwa, su suna cikin da'irar nan ta hange, suna kuma gefen hanyar da ta nufi Zazzau.

Rabi na biyu na karin maganar ma yana da tushe a zahiri. A wancan zamani birnin Kano a kewaye yake da ganuwa, ƙofofinsa kuma ana rufe su da faɗuwar rana, a buɗe da fitowarta, kamar yadda Bature matafiyi Hugh Clapperton ya tarar lokacin da ya shigo a watan Janairu na 1824. Ayarin da ya makara sai ya kwana a waje, komai kusancinsa. In ma ya samu shiga, akwai sarkin ƙofa da abin da za a biya, sannan akwai wata tafiyar a cikin ganuwar kanta, domin fili ne mai faɗi na gonaki da kududdufai kafin a tarar da gidaje. Clapperton da Heinrich Barth, wanda ya iso a Fabrairun 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawa, duk sun yi maganar wannan fili. Barth har ya hau Dala ya zana birnin daga can, zanen kuma yana cikin littafin tafiyarsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin dubu talatin, amma ya ce a lokacin hada-hadar fatauci, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan kai ninki biyu. A lura da wannan: na tsawon wata huɗu, kusan rabin mutanen da suke kwana a Kano baƙi ne, kuma mafi yawansu sai da suka hangi Dala da maƙwabcinsa Goron Dutse kafin su taka ƙofa.

To amma a tambayi ɗan firamare a Tarauni abin da ya sani game da Dala. Zai ce Barbushe, zai ce Tsumburbura, zai ce baƙin kare da baƙin bunsuru, daga nan ya tsaya. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ke nan. Labarin ya fito ne daga Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda kuma fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun farkon shekarun 1930. Labari ne mai armashi, shi ya sa ya danne saura. Amma wanda ya karanta littafin a tsanake zai ga abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Shi Dala da aka sa wa dutsen sunansa, littafin ya ce zuwa ya yi daga wata ƙasa ya gina gidansa a kai, wato dutsen sunan baƙo yake ɗauke da shi tun asali. Sannan shi Barbushe saukowa yake yi daga dutsen, jama'a su rufa masa baya zuwa wurin tsafin, wanda itace ne da aka kewaye da katanga. Dutsen mazauni ne, wurin bautar yana ƙasa. Ban da littafi kuma akwai shaidar da ke cikin ƙasa. Dala ba irin baƙin dutsen Kufena ko na Kwatarkwashi ba ne, marmara ce mai tama a cikinta. An tono matoyar tama a gindinsa, gwajin da masana suka yi wa gawayinta kuma ya nuna kusan shekara ta 635 miladiyya, da ragi ko ƙari na kamar ƙarni ɗaya, wato shekara ɗari uku da wani abu kafin 999 da ake cewa Bagauda ya zama sarkin Kano. Wannan ya yi daidai da abin da Abagayawa, maƙeran Kano, suke faɗa, cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama. Abin da ya fara jawo mutane gindin dutsen nan sana'a ce, ƙarfen fartanya da gatari da mashi, kuma inda duk ake samun ƙarfe, hanya takan fito da kanta.

Tarihin Kano ɗin ma da ake kafa hujja da shi a kan tsafi, cike yake da labarin hanyoyi. A zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da addini da ciniki. An ce Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, shi ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, shi ne kuma farkon wanda ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin Yakubu da ya biyo baya gishirin Abzin ya yawaita, Fulani suka zo da littattafai, Barebari da Larabawa suka shigo. Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463 ya kafa Kasuwar Kurmi, 'yar tafiya kaɗan daga gindin Dala. Daga nan har ƙarshen ƙarni na sha tara manyan hanyoyi suka riƙa haɗuwa a wannan wuri. Ta arewa ta bi ta Damagaram da Agadas da Gat har Gadamas da Tarabulus. Ta gabas ta nufi Borno, ta kuma zama hanyar alhazai masu tafiya Makka a ƙasa. Ta goro ta ratsa Yawuri da ƙasar Bargu zuwa Salaga a Gwanja, a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, tafiyar da zuwa da dawowarta takan ci rabin shekara ko fiye. Ayari yana da madugu mai yanke hukunci da biyan kuɗin fito, da jagaba mai wucewa gaba ya nemi zango, da uban dawaki. Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan ɗari uku. Duk wanda ya ɗauki turkuɗi ko kanwa ko ƙirgi ya fita da shi, Dala ne abu na ƙarshe da ya waiwaya ya gani na gida, shi ne kuma na farko da zai gani ran dawowa, in Allah ya sa da rabon dawowar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya, duk inda mutane suka yi doguwar tafiya a fili, sai sun riƙi dutse. A Amurka, daga shekarun 1840 zuwa 1860, dubban ɗaruruwan masu ƙaura sun ratsa filayen yamma a kekunan shanu ta hanyar Oregon, mai tsawon kusan kilomita 3,500. A jihar Wayomin akwai wani dutse da suke kira Independence Rock, wato Dutsen 'Yanci, tsawonsa kamar mita arba'in, bai ma kai Dala ba. Matafiyan sukan yi ƙoƙarin isa wurinsa kafin 4 ga Yuli, don sun san wanda ya wuce wannan rana bai iso ba, ƙanƙara tana iya tare shi a duwatsun gaba. Wannan ma hangen Dala ne da wani harshe: ganin dutsen yana gaya wa mutum inda yake, yana kuma tuna masa abin da ya rage. Dubbansu sun sassaƙa sunayensu a jikinsa, har yau ana karantawa. Wani dutsen a Nabaraska, Chimney Rock, mai siffar bututun hayaƙi, gwamnatin ƙasar ta ayyana shi wurin tarihi a 1956, aka kuma buga hotonsa a jikin kwabon jihar a 2006. Jirgin ƙasa ne ya kashe waccan hanya bayan 1869, amma duwatsun ba su mutu da ita ba, domin an ci gaba da ba da labarinsu a matsayin duwatsun matafiya.

Marmara ba ta riƙe rubutu, saboda haka ba wanda zai hau Dala ya karanta sunan madugu. Fatakenmu a unguwanni suka rubuta nasu sunayen, kuma wannan rubutun ya fi na jikin dutse rai, tun da har gobe ana kwana a cikinsa. Mai tsaye a ƙolin Dala yana kallon Dandalin Turawa, daga lokacin da kalmar Turawa take nufin Larabawan arewa. Yana kallon wajen Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi ta Yarabawa, da Alfindiki wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin 'yan kasuwa, da Madabo ta malaman Wangarawa, da Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili, da Fagge a wajen ganuwa inda raƙuman Buzaye suke sauka a dā. Babu wani wuri a Kano da za a tsayar da yaro a nuna masa da yatsa inda kowane baƙo ya sauka, a kallo ɗaya, in ba nan ba.

Akwai kuma waɗanda hangen Dala bai zame musu murna ba, kuma rashin gaskiya ne a tsallake su. Cikin ayarin akwai bayi, a ɗaure, waɗanda aka kamo daga kudu da sauran wurare, Barth ya ƙiyasta ana fitar da wajen dubu biyar daga Kano duk shekara. Ga waɗannan, jan tudun nan alamar kasuwa ce da za a yi cinikinsu, ko kuma abu na ƙarshe da suka gani kafin Sahara. Jikokin waɗanda suka saya da na waɗanda aka sayar duk Kanawa ne a yau, labarin dutsen kuma ba zai cika ba sai da su.

Yadda aikin dutsen ya ƙare sananne ne. Sojojin Ingila sun taso daga Zariya ta Bebeji suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, cikin 'yan shekaru kaya suka juya fuska daga Tarabulus zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan fataucin goro, ya koma sayen gyaɗa, da aka jera buhuna suka yi tsiri sama kuma, Bahaushe bai sami sunan da ya dace da su ba sai dala. Dutsen ya daina nuna wa kowa hanya, daga nan sai ya zama abin da kowa yake da shi amma ba mai kula da shi. Alamar hanya da ta rasa matafiyanta abu ce mai saurin salwanta. Itacen ƙayar nan na Tenere a Nijar, wanda ayarin gishiri na Bilma suka yi zamani suna sauka a gindinsa, direban babbar mota ne ya kaɓe shi a 1973. Gungumen yana gidan tarihi na Yamai, a wurinsa kuma an kafa na ƙarfe.

Dala ba zai faɗi rana ɗaya ba, cinye shi ake yi a hankali. Gidaje sun hau har ƙugunsa. Marmara kuwa idan aka kware mata ƙasa aka sare itacen da ke riƙe ta, kowace damina sai ruwa ya tafi da rabonsa, ya bar kwazazzabo. Mai hawa matakalar nan guda 101 zai wuce leda da shara a gefe, ya ji warin bayan gida, a wasu lokutan ma ya tarar da matasa masu shaye-shaye sun mai da lungunan dutsen mafaka, abin da jaridun ƙasar nan suka sha rubutawa. A 2007 Najeriya ta sa ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa a jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Sukur ta shiga tun 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005, tsohon garin Agadas, abokin cinikinmu na ɗaruruwan shekaru, ya shiga a 2013. Namu yana nan a jerin jira, ganuwar kuma kullum raguwa take yi.

Babbar hujjar da ake kawowa, ko a fili ko a zuci, ita ce ta addini: me Musulmi zai yi da wurin tsafi, ba gara ma ya shafe ba? Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba, kuma duk wanda ya hau dutsen don neman wani abu a wurin aljani ya yi ɓata, malamai su ci gaba da faɗa masa. Sai dai tsafin Tsumburbura ya mutu tuntuni. Sarakunan Kano, daga Tsamiya zuwa Yaji zuwa Rumfa, su suka rushe shi suka sare itacen, fiye da shekara ɗari biyar ke nan. Tun daga lokacin, idon da ya fi kallon Dala idon masu salla ne, malamai da almajirai da alhazai da fatake masu ɗauke da Alƙur'ani a gafaka. Alƙur'ani a Suratun Nahli ya lissafa duwatsu da koguna da hanyoyi da alamomin da ake shiryuwa da su cikin ni'imomin Allah ga bayinsa. Malaman tafsiri kuma sun kawo cewa wasu sahabbai sun ji nauyin tafiya tsakanin Safa da Marwa saboda gumakan da aka taɓa kafawa a kansu a jahiliyya, har aya ta sauka ta cire musu wannan nauyi. Dala ba wurin ibada ba ne, ba kuma wanda yake cewa a mai da shi haka, darasin da ke ciki kawai shi ne cewa dutse ba ya ɗaukar zunubin wanda ya yi shirka a kusa da shi. A ganina ma, masu tallata dutsen da sunan yawon buɗe ido suna da kaso a wannan matsala. Kullum labarin aljana da baƙin bunsuru suke sa wa a gaba, don shi ne mai jan kunnen baƙo, ba su lura ba cewa da haka suke korar mai unguwa da liman da attajiri, mutanen da in ba da su ba, ba abin da zai tsaru a Kano.

Wani kuma zai ce an yi ƙari. Madugu ya san hanyarsa da rijiyoyi da zangonni da ƙauyuka, ba ya bukatar tudu ya nuna masa Kano, kuma a hunturu, lokacin da aka fi tafiya, hazo yakan rufe komai. Gaskiya ne, ba wanda zai ɓata tsakanin Tamburawa da Ƙofar Ɗan'agundi don bai ga Dala ba. Amma aikin alamar hanya ya wuce hana ɓata. Matafiyan Oregon ma sawun kekuna da kogi suke bi, ba dutse ba. Abin da dutsen yake yi shi ne auna tafiya, ya ba wa gajiyayye ƙarfin ƙarasawa, ya zama abin da za a ba da labarinsa a gida. Shaidar cewa Dala ya yi wannan aiki tana bakin mutane. Harshe ba ya ajiye karin magana a kan abin da jama'a ba su ɗanɗana ba, kuma wannan ta yaɗu har inda ba a taɓa ganin Kano ba, ana faɗarta a Maraɗi da Sakkwato da zangonnin Kumasi da Akara.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Waɗanda suka yi gini a gindin dutsen ba don ƙin tarihi suka yi ba, gado ne ya ƙaru, fili ya ƙare. Wanda ya je yin bayan gida a lungun dutse, sau da yawa gidansu ne ba masai mai isa. A garin da ake fama da ruwan sha da cunkoson azuzuwa, yana da wuya a ce wa gwamnati ta zuba kuɗi a kan tudu. Ba na goyon bayan a tashi talaka da sunan tarihi, a rushe masa gida a bar shi a titi, irin wannan gyara ƙiyayyar dutsen kawai zai haifar. Amma a duba abin da dutsen yake bukata: magudanar ruwa da za ta hana zaizaya, makewayin jama'a, kwashe shara, fitila, masu gadi, itatuwa, da iyaka da za a shata a ce daga nan ba ƙarin gini. Kowane ɗaya cikin waɗannan, mutanen unguwar ne za su fara cin moriyarsa, domin kwazazzabon da yake cin dutsen gidajen da ke ƙasansa yake nufa. Kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na gada ɗaya irin ta Dangi ba. Idan aka horar da matasan wurin su zama masu raka baƙi da ɗalibai, ana biyansu, to an sami masu gadin da ba sai an kawo daga wani wuri ba.

Saura abu guda da ba a cika ambata ba, wanda kuma shi ne ainihin maganar idan an yarda Dala alamar hanya ne: hangen da kansa abin karewa ne. Za a iya katange dutsen, a share shi tas, amma idan benaye suka rufe shi ta kowace kusurwa, an ajiye gangar jiki ne kawai. Birnin Landan, inda kowane taku na ƙasa yake da tsadar gaske, tun shekarun 1930 yake taƙaita tsawon gine-gine a kewayen majami'ar Waliyi Bulus, kuma har yau doka tana kare wasu layukan hange zuwa ga ƙubbarta, ɗaya daga cikinsu daga wani tudu a Richmond mai nisan kilomita 16. Hangen da ake yi daga gonakin Darmanawa ya tafi, ba zai dawo ba, ba kuma mai hankalin da zai ce a rushe Asibitin Malam Aminu Kano ko benayen titin Gidan Zu don a ga tudu. Amma akwai wanda ya rage. Har yanzu ana ganin dutsen daga wasu wurare a arewacin birni, wajen Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Gwammaja, Dala da Goron Dutse kuma suna kallon juna. Hukumar tsara birane ta KNUPDA tana da ikon zaɓar uku ko huɗu daga cikin waɗannan layuka ta ƙayyade tsawon ginin da za a yi a kansu. Wannan ba ya bukatar kwangila, sa hannu ne a takarda da tsayawa a kan abin da aka sa wa hannu, kuma kowace shekara da aka jinkirta, wani benen yana tashi.

Mazaunin Darmanawa zai iya cewa wannan ai maganar mutanen ƙaramar hukumar Dala ce. Ni kuwa ina ganin ta fi shafarsa, domin shi ne yake zaune a inda mai hange yake tsayawa. Titin Zariya shi ne magajin hanyar kudu, tashar Unguwa Uku da kasuwannin Na'ibawa su ne zangonnin yau, inda direba ya maye gurbin madugu, ɗan kamasho ya maye na jagaba. Da yawa daga mazauna Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, ko dai iyayensu sun fito ne daga cikin ganuwa da gida ya yi musu kaɗan, ko kuma sun zo Kano neman abinci ko aiki ko karatu, kamar Wangarawa da Agalawa a gabansu. Saboda haka kirana ga shugabannin makarantun boko da na Islamiyya na wannan yanki shi ne su sa hawan Dala cikin tsarin kowace shekara, su ɗauki yara da sassafe bayan damina, lokacin da sama take garau. Idan sun kai ƙoli, kafin a fara labarin Barbushe, a juyar da su kudu maso gabas a ce su nemo unguwarsu, a nuna musu Kurmi da Fagge da hanyar Zazzau, a gaya musu waɗanda suka bi ta da abin da suka ɗauko. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa ta kafa allo a can sama, da Hausar boko da ajami, mai nuna kowace hanya da garin da ta nufa. Masarauta da masu unguwannin gindin dutsen kuma su zauna da KNUPDA a shata iyakar gini kafin damina mai zuwa.